Rigakafi Bayan Hari

A Cibiyar Bincike babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Mai Birai ake ce masa, tun daga mai gadin ƙofa har manyan da ke hawa na sama, kuma ya daɗe da daina jin haushi, tunda abincin gidansa daga biran yake fitowa. Shi ke ciyar da su, ya wanke kejinsu, ya auna zafin jikinsu, ya ɗebi jininsu, ya yi musu allura. Masana sun ba kowane biri lamba. Shi kuwa da yake shi ke wuni da su, sai ya raɗa musu sunayen da suka dace da halinsu. Akwai Akanta, wanda ke karɓar ayaba ya ɓoye a bayansa ya sake miƙo hannu da fuskar wanda bai taɓa ganin ayaba ba. Akwai kuma Darakta, ƙaton biri mai furfura a haɓa, wanda ba ya komai sai zama a can saman keji yana kallon kowa kamar shi ya ɗauke su aiki. Darakta na gaske, mai ofis da labule da na'urar sanyaya ɗaki, bai san yana da takwara a ƙasa ba, don bai taɓa saukowa ba.

Cutar da suke bincike a kanta ita ce zazzaɓin nan da ke narkar da mutum ta ciki, har jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi. Gwajin kuwa ba shi da wuyar ganewa. A sa wa biri ƙwayar cutar tukuna, sannan a bi shi da allurar rigakafi, a ga wanda zai riga wani isa. Wasu biran a yi musu da wuri, wasu a jinkirta, wasu kuma a yi musu allurar ruwan gishiri zalla don a sami abin kwatance. Kwalaben duk iri ɗaya ne, mai yin allurar ma bai san wadda ke hannunsa ba sai an gama an buɗe lambobi. Sai dai 'yan ruwan gishiri ba su cika jiran a buɗe lambobi ba. Da kansu suke bayyana, don ba a taɓa samun ko ɗaya da ya tashi ba. Na wuri yawancinsu sukan tsira. Na jinkiri kuwa, kamar rabon gado ne a gidan yawa, wani ya samu wani ya tashi da haƙuri.

Wannan shi Darakta mai ofis yake kira "sakamako mai ƙarfafa gwiwa" a duk taron da ya sami makirufo. Mai Birai ya ɗauki kalmar ya kai gida, ya yi ta zuba wa matarsa ita a kan abinci shekara da shekaru, ita kuwa Malama tana duba littattafan ɗalibanta da jan biro tana cewa "uhm".

Da hantsi abin ya faru. Yana cikin rigar nan ta roba mai kumbura da iska, wadda ke mai da mutum balan-balan mai ƙafafu, hannuwansa cikin safa a kan safa. An riga an sa wa Darakta na keji ƙwayar cutar kwanakin baya, ranar jininsa za a ɗiba. An yi masa allurar barci, ya kwanta shame-shame a kan tebur, baki a sake. Mai Birai ya sami jijiya, ya ɗebi jini, yana zare allurar ke nan sai Darakta, wanda tunda aka kawo shi bai taɓa motsa gaɓa don amfanin kowa ba, ya zabura ya harba ƙafa. Tsinin allurar ya ratsa safa ta waje, ya ratsa ta ciki, ya sami gindin babban yatsansa na hagu.

Ƙayar kifi ta fi shi zafi. Ya tsaya yana kallon ɗigon jinin da ya taru a ƙarƙashin robar, ɗan ƙarami kamar ƙwayar barkono, yana jin iskar rigar na huci a kunnensa. Darakta kuwa ya koma barcinsa.

Kafin azahar an wanke shi da duk wani ruwan magani da Cibiyar ta mallaka, an kai shi ɗakin keɓewa. Gado ɗaya ne, kujera ɗaya, famfo da ɗan madubi, sai babbar taga ta gilashi mai kauri da ke kallon baranda. Abinci ta wata 'yar ƙofa ake turo shi, irin dai yadda shi ma yake yi wa Akanta. A jikin gilashin akwai na'urar magana, irin wadda in ɗaya ya danna maɓalli yana magana, ɗayan ba ya iya amsawa sai an ɗaga yatsa.

Likitar ma'aikata ce ta fara zuwa, wata siririya mara yawan magana, wadda duk sanin da ya yi mata bai wuce na neman maganin mura ba. Ta danna maɓallin.

"Malam, ka fi ni sanin abin da ke cikin firjin ƙasa."

"Na sani, Likita."

"Ba a taɓa yi wa mutum ba."

"Na sani."

"Ka kuma san ba ta jiran kowa. Gwargwadon jinkiri, gwargwadon raguwar amfaninta."

"To me ake jira?"

Ta ɗan kalli silin, inda hawa na sama yake. Ta ce Darakta mai ofis ya ce wannan magana ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya ce ba zai zauna ba sai shugabansa ya dawo daga wani taro da ake yi a kan muhimmancin gaggawa. Shugaban kuma ya aiko cewa duk abin da Darakta ya yanke shi ne daidai.

Mai Birai ya yi tsaki mai ƙarfi yadda za ta ji ko ba na'ura. Amma da ta juya baya sai ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin na ɗalibin da aka ce malamin jarrabawa bai zo ba. Muddin kwamiti bai zauna ba, babu wanda zai tambaye shi ko ya yarda. A karo na farko a rayuwarsa ya ji yana yi wa kwamiti fatan alheri.

Can sai ga Malama, da allin da bai gama fita daga gefen mayafinta ba. A bayanta kuwa ga Yaya.

Yaya shi ne babban wansa, tsohon direban manyan motoci, wanda ya zaga ƙasashe ya dawo gida da ciwon baya da ra'ayi a kan komai. An ba shi takunkumi a ƙofa, ya rataya shi a haɓa kamar gemu na biyu. Ya manna fuska a gilashin ya fara ihu, bakinsa na motsi babu sauti, sai da Malama ta kama hannun rigarsa ta ɗora yatsansa a kan maɓallin.

"...tun farko na ce wannan ba aiki ba ne! Auta! Wa ya yi maka wannan?"

Ya ɗaga yatsa, abin da bai sake yi da son ransa ba.

"Darakta ne, Yaya. Ina zare allurar ya harbe ni da ƙafa, shi ne ta..."

"Darakta?" Yatsan ya koma kan maɓalli. "Darakta da kansa? Da ƙafa? A bakin aiki, kana riƙe da allurar mutuwa? Kai jakinsa ne?"

Mai Birai ya shiga girgiza kai yana danna nasa maɓallin, amma na'urar ta riga ta zama ta Yaya. Ya kalli matarsa don ta cece shi. Malama ta san sunayen biran nan kamar yadda ta san na 'yan ajinta. Ta buɗe baki, sai ta hango Likita tana wucewa, ta fasa, ta tare ta.

"Likita, an ce akwai allura. Me ya hana a yi?"

"Izinin Darakta muke jira."

Yaya ya juyo a hankali, kamar mota mai tirela a kan kwana.

"Wato shi ya yi ɓarnar, kuma shi ake jira ya ba da izinin gyara? Malama, ina ofishinsa?"

"Hawa na sama, Yaya. Ƙofa ta ƙarshe, mai labule."

Da ƙarar takalman Yaya ta ɓace a matakala, Mai Birai ya danna maɓalli da hannunsa mai lafiya.

"Me ya sa ba ki gaya masa biri ba ne?"

"Tambayata ya yi ina ofis, na gaya masa. Ƙarya na yi?"

"Za a kore ni daga aiki!"

"Allah ya kai mu ranar da za a kore ka, Baban yara. Mai rai ake kora."

Abin da ya faru a hawa na sama daga bakin Likita ya ji shi, ita kuma daga bakin sakatariya, wadda ta ce ba leƙe ta yi ba, ƙofar ce ba ta rufuwa sosai. Yaya ya shiga ba sallama, ya tsaya a kan kafet da takalmansa, ya shaida wa Darakta cewa ƙanensa ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa shi Darakta ne ya jawo wannan abu, kuma shi yana da abokai a gidan rediyo tun zamanin da yake ɗauko musu janareto. Darakta, wanda tun safe yake neman wanda za a ɗora wa alhaki, ya ji an riga an samo, kuma shi ne. Nan take ya gano cewa ashe kwamiti na iya zama ta wayar tarho. Aka zauna, aka tattauna, aka amince, duk kafin shayin da ke gabansa ya huce.

Yaya ya sauko yana gyara hula.

"Manyan nan sai da tsawa," in ji shi. "Har rantsuwa yake yi wai bai taɓa ka ba. Na ce masa ai ɓarawo ma rantsuwa yake yi."

La'asar ta kusa lokacin da aka kawo wani ɗan akwati mai sanyi. Likita ta sa tata rigar balan-balan, ta shigo ɗakin ta ƙofa biyu, ta ajiye akwatin a kan kujera ta buɗe. Kwalbar 'yar ƙarama ce, ruwan ciki garau. Mai Birai ya san ta kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya riƙe irinta ba adadi, ya ɗaga ta sama ya ƙyasta mata yatsa, ya zuƙe ta cikin sirinji yana 'yar waƙa. Bai taɓa lura tana da ban tsoro ba sai yau.

"Malam," in ji Likita, muryarta na fitowa daga cikin rigar kamar daga rijiya, "ba zan taɓa ka ba sai ka ce ka yarda."

"Tsaya, 'yata," in ji Yaya ta na'ura. "Wace irin allura ce wannan da na yi wa faɗa?"

Ta matso kusa da gilashin. "Rigakafi ce, Baba."

"Me?"

"Rigakafi."

Yaya ya kalli Malama, ya kalli ƙanensa, ya yi wata dariya mara daɗi.

"Yarinya, ni ban yi boko mai nisa ba, amma Hausa a bakin uwata na sha ta. Rigakafi sunansa a goshinsa yake. A riga, a kafe. A kafe gari tun mahara ba su zo ba. To mahara sun shigo tun hantsi, sun zauna, sun sha ruwa, yanzu za ku zo ku kafe ƙofa? Ai sai ku kulle su a ciki. Wannan ba rigakafi ba ne, ihu bayan hari ne. Ni na yi tuƙi, ban taɓa ganin wanda ya gyara birki bayan mota ta faɗa rami ba."

Ta jira har yatsan ya gaji ya zame.

"Ba ta faɗa ramin ba tukuna, Baba. Cutar ta taso amma ba ta iso ba. Ka ɗauka babbar mota ce da lodi tana hawan tudu. Allurar nan ɗan babur ne, zai wuce ta ya je ya gaya wa jiki ya shirya."

"Na ga abin da manyan motoci ke yi wa 'yan babur," in ji Yaya. "To a kan wa aka gwada?"

"A kan ɓeraye, sannan birai."

"Mutane fa?"

"Shi ne na farko."

"Shi ne na... La'ilaha illallahu! Auta, ka ji? Uwarmu ta haife ka, ta goya ka, ta yaye ka, don a rubuta ka a bayan ɓera da biri? Wutsiya gare ka? In maganin kirki ne me ya sa shi Daraktan bai fara sha ba?"

Mai Birai yana zaune a bakin gado, hannunsa mai bandeji a kan cinya. Duk shekarun nan babu maganar Yaya da ya taɓa ɗauka, tun daga kan zaɓen mata har zaɓen taya. Yau kuwa sai ya ji kowace kalma ta Yaya tana da hikima. Ya san abin da ke cikin kwalbar nan. Wata ƙwayar cuta ce mai rai, mara ƙarfi, da aka sa wa rigar muguwar don jiki ya gan ta ya koyi faɗa. A kan birai ta yi ladabi. Wa ya ce za ta yi wa mutum ladabi? Ya tuna biran da aka yi wa ita kuma duk da haka ya kwashe su a cikin jakar leda. Ya tuna cewa tsinin allurar da ƙyar ya taɓa shi, wataƙila ma safar ta share jinin, wataƙila babu abin da ya shige shi, ya zo ya sa wa kansa cuta da hannunsa don tsoron wadda ba ta zo ba. Gwiwar da sakamakon ya yi shekaru yana ƙarfafawa ta ƙi ɗaukarsa daga kan gado. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ba a faɗi yadda yake iya tsara hujja ba in aska ta juyo kansa.

"Likita," ya ce, yana kallon tayil ɗin ƙasa, "maganar Yaya abin dubawa ce. Ko za a ɗan saurara zuwa gobe, mu ga yadda jikin zai yi?"

"In jikin ya yi, Malam, allurar ba ta da sauran aiki. Kai ka koya wa sababbin ma'aikata wannan."

"Na sani. Amma biri daban, mutum daban."

"Yauwa!" in ji Yaya. "Jinin gidanmu ke nan."

Sai Malama ta matso. Ta jawo kujerar roba daga jikin bango ta zauna daf da gilashin, ta ajiye jakarta a cinya, ta dubi Yaya.

"Yaya, ara mini maɓallin."

Ya ba ta, don mamaki ya hana shi ƙi.

"Baban yara," ta ce, da muryar da take kiran sunayen ɗalibai da safe, "tunda na zo gidanka da birai nake cin abinci. Da su nake karyawa, da su nake kwana. Ka ɗauka ba na ji, to ina ji. Ka ce rukuni uku ne. Na wuri, na jinkiri, na ruwan gishiri. Haka ne ko na yi kuskure?"

Ta ɗaga yatsa. Ya ce haka ne.

"Ban taɓa jin ka ambaci na huɗu ba, na waɗanda suka ce a bar su su yi shawara da yayansu. Kana maganar kada a yi gwaji da kai. Ai tun hantsi kana cikin gwajin, Darakta ya riga ya shigar da kai, bai nemi izininka ba."

"Azzalumi," in ji Yaya daga gefe.

"Na wuri, kwamiti ya cinye maka rabinsa. Abin da ya rage ka zaɓa tsakanin sauran. In ka ce a bari sai gobe, to ka zaɓa ke nan, sai dai ba ka so a faɗi sunan abin da ka zaɓa. Ni kuwa na san sunansa. Ranakun da kake dawowa ka ture kwano ka ce ba ka jin yunwa, in na matsa ka ce yau ka kwashe 'yan ruwan gishiri, na taɓa tambayarka ko akwai wanda ya tashi a cikinsu. Ka tuna abin da ka ce mini?"

Wannan karon ba ta ɗaga yatsa ba.

"In ruwan gishirin kake so, da ba ka wahalar da Likita ta sa wannan uban kaya ba. Akwai gishiri a gida, da na taho maka da shi."

Ya ɗago ya dube ta. Fuskarta yadda ya san ta take, ta mai jiran a gama surutu a ci gaba da darasi. Amma farcen yatsan da ke kan maɓallin ya yi fari fat don dannawa.

Iskar rigar Likita na ta huci. Sannan ya kai hannu ya naɗe hannun rigar asibitin har kafaɗa.

"Na yarda, Likita."

"Ni dai na faɗa," in ji Yaya, ba ta na'ura ba, amma an gani a bakinsa.

Ta zuƙi ruwan, ta ɗaga sirinjin sama.

"Akwai 'yar iska a ciki," in ji Mai Birai. "Ƙyasta mata yatsa. A'a, ba nan ba, ɗan sama, inda naman ya fi kauri. Riƙe fatar da..."

"Malam, su biran haka suke yi maka?"

"Su barci ake sa su."

"Yanzu na gane dalili," ta ce, ta soka.

Washegari da rana zazzaɓi ya rufe shi. Ya kwanta yana karkarwa, gaɓoɓinsa kamar an daka. Likita ta zo ta ce kada ya damu, allurar takan kawo zazzaɓi. Ya tambaye ta cutar fa, da me take farawa? Ta ce da zazzaɓi. Ya gode mata da wannan bayani mai kwantar da hankali. Yaya ya tsaya a baranda yana gaya wa duk mai wucewa cewa shi ya faɗa. Malama kuwa ta ɗauki hutu daga makaranta, ta kawo littattafan ɗalibanta, ta zauna a kujerar roba tana dubawa. Ya lura shafi ɗaya take kallo tun safe.

Aka ɗebi jininsa aka tafi da shi, aka dawo aka sake ɗiba. Shi da ya saba zama a wancan gefen allura, yanzu ya san yadda ake jin takun mai zuwa ɗibar jini tun daga nesa. Kowace safiya sai ya tsaya gaban ɗan madubin ya ɗaga leɓe ya duba dasashinsa, ya ja fatar ido ya leƙa, ya fyace hanci a farin ƙyalle ya ƙura masa ido kamar mai karanta wasiƙa. Zazzaɓin ya sauka da kansa. Jinin bai nuna komai ba sai sawun allurar. Duk da haka aka ce sai ya cika makonnin da cutar kan yi a ɓoye, don ta san laɓewa.

Da ya fara cin abinci, Malama ta riƙa turo masa ayaba ta 'yar ƙofar, kullum nono guda.

"Me ya sa ayaba?" ya tambaye ta.

"Likita ta ce a ci gaba da yi maka duk abin da aka yi wa waɗanda suka tsira."

Sau da yawa ya yi niyyar warware wa Yaya maganar Darakta. Amma Yaya in ya zo yatsansa a kan maɓalli yake sauka, a kansa yake tashi, ya yi bayanin siyasar duniya da lalacewar direbobin zamani, ya yi sallama ya tafi.

Ranar da aka buɗe masa ƙofa, Darakta mai ofis ya sauko ƙasa, abin da tsofaffin ma'aikata suka ce ba su taɓa gani ba. Ya zo da mai ɗaukar hoto, ya tsaya ta yadda Likita ke tsakaninsa da Yaya. Ya yi jawabi a kan saurin da hukumar Cibiyar ta nuna wajen yanke shawara, ya ce wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa. Yaya ya ce sakamakon me, ai cutar ce ba ta shige shi ba tun farko, an dai huda yaro a banza. Aka juya ga Likita ta raba gardama. Ta ce gaskiya ba za a taɓa sani ba. Ko allurar ce ta riga cutar, ko cutar ce ba ta taso ba, mutum ɗaya ba ya isa a gane, tunda babu wani irinsa da aka yi wa ruwan gishiri a kwatanta. Kowa ya ji ta goyi bayansa.

Mai Birai kuwa hankalinsa na wani wuri. Yana tsaye da jakar kayansa, iskar baranda na taɓa fuskarsa, ƙafafunsa na mamakin faɗin wuri. Tambaya ɗaya ce ke cinsa tun yana ciki, ya ƙi yin ta ta na'ura.

"Likita, yaya Darakta?"

"Ya mutu, Malam. Tun kana cikin zazzaɓi. An buɗe lambobin, ɗan ruwan gishiri ne."

Mai hoto ya sauke kyamara. Yaya ya dubi Likita, ya dubi mutumin da ke tsaye cikin kwat yana numfashi lafiya lau, ya sake duban Likita.

"Wane Daraktan?"

"Na keji, Yaya," in ji Malama. "Biri ne. Shi ya yi harbin."

"Akwai biri mai suna Darakta a Cibiyar nan?" in ji Darakta.

Yaya ya ƙare wa Darakta kallo tun daga furfurar haɓarsa har takalmi, ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka warware wa tsohuwar matsala.

"To," ya ce, "lallai biri ya yi kama da mutum."

Mai hoto ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Likita ta shiga gyaran takunkumin da babu abin da ya same shi. Mai Birai kaɗai bai yi dariya ba. Yana kallon gindin babban yatsansa, inda ko tabo bai rage ba. Shi ya yi wa Darakta waccan allurar. Ya tuna ya ɗaga kwalbar sama, ya ƙyasta mata yatsa, har da 'yar waƙarsa.

"Akanta fa?" ya tambaya.

"Yana nan. Na wuri ne. Ya ƙi karɓar abinci a hannun kowa sai an ba shi sau biyu."

Malama ta buɗe jakarta ta ciro ragowar ayabar ranar, ta ɗora masa a hannu.

"Ba za su bar ka ka shiga yau ba," ta ce. "Amma je ka ba masu rigar balan-balan su miƙa masa. Ka ce daga ɗan rukunin jinkiri. Muna jiranka a bakin ƙofa, kada ka daɗe, yara sun ɗora ido."

Ya karɓa ya nufi matakalar ƙasa. A bayansa yana jin Yaya ya tare Darakta, yana yi masa bayanin asalin kalmar rigakafi.